Kafin ka kwance akwatin iskar motarka

Jiya na tarar da wani yaro a gareji, bonet a buɗe, yana kwance akwatin iskar Corolla ɗinsa zai sa bututun ƙarfe mai ƙyalli da filta mai kamar mazurari. Na ce, "Ɗana, dakata." Ya ce, "Baba, ƙarfi za ta ƙara." Da wannan kalmar na lalata tawa.

Kuma lissafina ba na banza ba ne. Iska mai sanyi ta fi nauyi, duk digiri 10 na Salshiyas da ta sauka nauyinta na ƙaruwa da kusan kashi 3 cikin 100, inji kuwa da iska yake ƙona fetur. Inda na ɓata, filtar ta zauna tsirara kusa da inji, tana zuƙar zafin cikin bonet, alhali akwatin kamfani daga gaba yake jawo iska. Ƙara ce ta ƙaru, kunne ya ce gudu ne.

Sai man da ake shafa wa filtar. Na cika shi, ya bi iska ya lulluɓe siririyar wayar sansar MAF, wadda ke auna iskar da ke shiga inji. Faɗin bututun ma ba ɗaya ba ne da na asali, sansa ta riƙa ba ƙwaƙwalwar mota lissafin ƙarya. Silo, wato aikin inji mota na tsaye, ya fara rawa, fitilar gargaɗin inji ta kama, kwamfuta ta nuna P0171: fetur ya yi wa iska kaɗan. Ƙurar hunturu kuma ta wuce audugar filtar ta ci ringin fistin, mota ta koma shan baƙin mai. Ba wanda ya gaya mini, amma ni ma ban tambaya ba.

Kada ka sa bututun nan da filtarsa. Sayi filtar takarda mai kyau, ka duba ta duk wata lokacin hazo.

In kuwa ka ƙi ji, ku yaran yanzu bidiyon waya kuka fi yarda da shi, to sayi wanda aka ƙera wa injinka, mai garkuwar zafi da busasshiyar filta. Kada ka saukar da ita bayan bamba neman sanyi: da damina kududdufi ɗaya ya isa ruwa ya shiga silinda, ruwa ba ya matsuwa, kwanrod, ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe. Sansa kuma, in za ka wanke ta, feshinta na musamman kawai, ban da fetur, ban da taɓa wayar da hannu. Akwatin asali ka ajiye shi da kusoshinsa.