Jika goman Alhaji

Talata. Ƙura ta rufe gari tun asuba, daga kan kabu-kabu da ƙyar na hango katangar Birni.

Wajen ƙarfe 11 Alhaji ya shigo da kuɗin fatu, zai aika wa yaronsa Agadas. Na zuba su cikin injin ƙirga, yana ta fir-fir abinsa, sai ƙiii, ya tsaya cak. Takardar jika goma ɗaya ya ƙi. Na juya ta, na sake sawa. Har sau uku.

"Ɗiyata, ni zan kawo miki jabu?"

"Haba Baba, wa ya isa? Injin ne."

"To, injin ya san ni?"

Ina fa zai san shi. Haska takarda kawai yake da shuɗin haskensa, ya laluba zare da tawada, abin da bai gane ba ya tofar. Wannan kuwa ta sha yawo a Kasuwar Dole, ta sha man ƙuli-ƙuli da gumi, launin shuninta ya koɗe, ta yi laushi kamar tsumma. Na ɗaga ta a taga. Zaren yana nan, kifin BCEAO, tambarin babban bankin da ke buga kuɗin, yana nan cikin inuwarsa. Na murza, na karɓa. Maigida daga bayan labule ya ce in banki ya maido ta, daga albashina. Na ce na ji. Alhaji ya fita yana sa mini albarka, ni kuma ina ta hura hanci, wai idona ya fi na ƙarfe.

Da la'asar wuta ta ɗauke. Na ƙirga wani ƙulli da hannu, 50 cif, na ɗaure da roba. Da wuta ta dawo na sa shi a inji don kawai in huce. 49. Na sake da hannu, a hankali, ina lasar yatsa. 49.

Tun lokacin jikina ya yi sanyi. Hannun da ya ɓatar da lissafin nan shi ne ya murza takardar Alhaji da safe. Amma kuma tun Asabar ban goge wa injin idonsa ba, a wannan hunturun, ƙila ƙura yake gani ba jabu ba.

Na ware takardar cikin ambulan ita kaɗai, sai gobe a banki.

Famfo bai kawo ba yau ma, sai da aka kira ɗan ga-ruwa. Inna ta yi tuwo miyar kuka, loma uku na yi. Ta ce wa ya taɓa ni, na ce ƙura ce.