Ranar da Iskar Wyoming Ta Gwada Mu

Bayan sallar asuba muka bar birnin Denver na Amurka, ni da uwargida da yaranmu biyu, za mu gandun shaƙatawa na Yellowstone da ke jihar Wyoming. A bayan akori-kurata na ɗaura ɗakin nan mai taya da Amurkawa ke ja zuwa hutu, mai gado da murhu da banɗaki a ciki. Haya na ɗauko shi, kuma ban taɓa jan abu mai girma haka ba.

Har garin Laramie lafiya lau. Da muka miƙi babbar hanyar I-80 muka nufi garin Rawlins sai fili fetal, iska na bugun motar ta gefe. Yankin Elk Mountain ya yi suna a kan haka, har akan hana dogayen motoci marasa nauyi bin hanyar idan iskar ta tsananta.

A wata gangara tirela ta wuce mu a guje. Na ji kamar an fizgi bayan motar. Ina kallon madubi sai ga ɗakin yana lilo, dama, hagu, kowane karo ya fi na baya faɗi.

"Innalillahi! Maigida, taka birki!"

Ƙafata har ta kai, sai na tuna abin da mai hayar ya nanata mini: ka danne birkin mota a irin wannan hali, ɗakin ya tunkuɗo ka ya naɗe. Na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari ban juya ba, na sa hannu na matsa birkin ɗakin shi kaɗai. A hankali ya dawo kan layi. Yara sun yi tsit, ni kuwa rigata ta jiƙe sharkaf.

A wurin hutawa na gaba wani dattijon direban tirela ya leƙa ciki ya girgiza kai. Jarkokin ruwa, janareta, buhun shinkafa, duk a can ƙurya na jibge su, bayan tayoyi. Ya ce sai kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin ɗakin ya sauka a kan mahaɗinsa da mota, in ba haka ba wutsiya ce za ta riƙa tuƙa kai. Tare muka kwashe kayan zuwa gaba, ya duba sarƙoƙi da iskar tayoyi, ya ƙi karɓar ko sisi.

Garin Lander da ke can gaba da Rawlins muka yi niyyar kwana. Uwargida ta ce Rawlins, ban musa ba. Daga nan har muka isa, ban ƙara wuce mil 55 a sa'a ba.