Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwanan Brahma

A makon jiya mun tsaya a isowata Pushkar, garin nan na bakin tafki kusa da Ajmer a jihar Rajasthan ta ƙasar Indiya. Yau zan jingine labarin tafiyar, domin mai karatu ba zai fahimci garin ba sai ya san abin da mutanensa, mabiya addinin Hindu, suka yi imani da shi.

A Pushkar ne ake da shahararren ɗakin bautar Brahma, mai jan tsororuwa da ake hangowa tun daga kasuwa. Gunkin da ke ciki fuska huɗu gare shi, kowace na duban kusurwa guda. Ɗakunan Brahma kaɗan ne ƙwarai a faɗin Indiya, alhali na Vishnu da Shiva ba sa ƙirguwa. A aƙidarsu Brahma ne mai halitta, Vishnu mai tsarewa, Shiva mai rushewa.

A nan ne mutanenmu kan rikice, don kalmomi uku ne masu kama da juna. Brahman shi ne asalin samuwa, ba shi da siffa ko iyaka. Brahma abin bauta ne mai farko da ƙarshe. Brahmin kuwa mutum ne, ɗan jinsin masu jagorantar ibada. Wanda ya cakuɗa su, duk bayaninsa zai karkace.

Littattafan Purana sun ce Vishnu na kwance yana barci a kan wani ƙaton maciji mai suna Shesha, a tsakiyar ruwa. Sai furen bado ya tsiro daga cibiyarsa, Brahma na zaune a ciki, ya kama aikin halitta. Rigveda kuma, wani tsohon littafinsu, ta zo da wani bayani dabam: an yi hadaya da Purusha, wani ƙaton mutum na farko, wata ya fito daga tunaninsa, rana daga idonsa.

Sai lissafin zamani, wanda ya fi komai jan hankalina. Zamani huɗu ne: Satya shekara 1,728,000, Treta 1,296,000, Dvapara 864,000, sai Kali 432,000. Jimla 4,320,000 ke nan. Sukan kwatanta gaskiya da bijimi mai ƙafa huɗu, kowane zamani ƙafa ɗaya na tafiya, har a Kali ya rage a kan guda. A cewarsu cikinsa muke, kuma ya fara a shekara ta 3102 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Wannan zagaye sau 1,000 shi ne yinin Brahma ɗaya, wato kalpa: shekara biliyan 4 da miliyan 320. Darensa ma haka. Da ya kwanta duniya ta narke, da gari ya waye a sake sabuwa. Bayan shekara 100 irin tasa, shi kansa ya shuɗe, wani ya zo.

Kuskuren da aka fi yi a lissafin: tsofaffin littattafan da shekarun alloli suke ƙirgawa, kowace guda daidai take da 360 tamu. Wanda ya ga an rubuta Kali 1,200 ya manta bai ninka ba, sai ya ɗauka zamanin ya wuce tuntuni.

Ni Musulmi ne, aƙidata dabam ce, amma ba na son a faɗi abin mutane ba daidai ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu gangara matakalan tafkin.