Abin da na fahimta game da ƙwaƙwalwar yaro mai koyon karatu

Ina koyar da yara karatu da yamma a Agege da ke Legas, 'ya'yan Hausawa 'yan uwanmu da iyayensu ke kasuwanci ko aiki a mayankar Oko-Oba. Yaro guda yana jin Hausa a gida, Yarabanci da Turancin buroka a titi, Turancin boko da safe, Larabci a Islamiyya. Bakinsa cike da harsuna, amma ka miƙa masa littafi sai ya yi tsit, ko ya rera maka shafin gaba ɗaya da ka alhali idonsa na kan fanka. Wannan ne ya tura ni bin diddigin abin da masana ƙwaƙwalwa suka gano.

Magana yaro kan tsince ta da kansa, karatu kuwa sai an koya masa. Rubutu bai fi shekara 5,000 da ɗoriya ba a duniya, don haka ba a haife mu da sashen karatu a ka ba. Aro ƙwaƙwalwa take yi. Akwai wani ɗan yanki a ɓangaren hagu, can ƙasa ta wajen ƙeya, cikin sassan da ke gane siffar abubuwa da fuskoki. Laurent Cohen da Stanislas Dehaene na Faransa sun bayyana a 2000 cewa nan ne ake gane rubutacciyar kalma. A 2010 Dehaene da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya a Barazil da Fotugal, suka ga yankin yana ƙara amsa wa haruffa gwargwadon iya karatun mutum, har ga wanda ya koya da girma.

Daga nan na gane rikicin b da d. Ido ya saba da cewa buta buta ce, ko bakinta ya kalli gabas ko yamma. Sai ga malami yana cewa juyin ya canza komai. Yaranmu kuma ga ɓ da ɗ a kai, ga Larabcin da ke tafiya daga dama zuwa hagu. Wata yarinya ta tsaya da alli a hannu ta ce, "Malam, wannan cikinsa a gaba yake ko a baya?" Tambaya ce ta mai hankali. Na sa ta zana harafin da yatsa a kan tebur tana furta sautinsa, bawa da dawa, bara da dara, har hannu ya riƙe abin da ido ke watsarwa.

Babban darasin dai shi ne yankin nan ba ya aiki shi kaɗai. Dole ya ƙulla hanya da sassan da ke sarrafa sautin magana, kuma ana ƙulla ta ne idan yaro ya ji cewa "kifi" ki ne da fi, ya ga kowane sauti da harafinsa. Hadda ba ta wannan aikin. Shi ya sa nake fara musu da Hausa: sautinta yana kunnensu, rubutunta kuma kusan yadda ake faɗa ake rubutawa. Turanci ba haka yake ba. Ko 'ya'yan Ingila sun fi na Italiya daɗewa kafin su iya karatu. Wanda ya gane dabarar haɗa baƙi da wasali da Hausa, da ita yake shiga Turancin.

Akwai kuma waɗanda hanyar ke yi musu wuyar ƙulluwa duk da kaifin basirarsu, matsalar da ake kira disleksiya, wadda takan bi jini. Abin yana mini zafi idan uba ya zo ya ce, "Malam, yaron nan daƙiƙi ne, ka riƙa ba shi bulala." Nakan ce, "Alhaji, yaron da ke ciniki da Yarabanci yana ba da canji daidai ba daƙiƙi ba ne." Nakan roƙi a fara kai shi a duba ido da kunne, sannan a bar mini shi kullum na ɗan lokaci, mu biyu, muna raba kalmomi gaɓa-gaɓa da tafi kafin mu taɓa littafi.