Minti Biyar Kafin Darasi

Ina koyar da 'yan ƙaramar sakandare, masu shekara 11 zuwa 14. Lokacin ne jiki ke canzawa, abota ke rikicewa, ga waya ta shigo hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane matasa 7 masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da larurar ƙwaƙwalwa. To a ajinmu suke zaune, ba a wata duniya ba.

Kafin mu buɗe littafi, muna jan numfashi a hankali, mu riƙe, mu saki. Sai kowa ya rubuta abin da ke ci masa rai a guntuwar takarda, ban da suna. Wata takarda ta ce: "In na faɗi jarrabawa, ba na son komawa gida." Ranar mun tattauna yadda ake faɗa wa iyaye mummunan sakamako, har muka gwada a aji, ana ta dariya.

Wasu abokan aikina na ganin ɓata lokaci ne. Ni kam na ga yaron da gabansa ke faɗuwa ba ya jin lissafi.

Amma ni ba likita ba ce. In yaro ya yi maganar yi wa kansa lahani, nan take nake neman iyayensa da ƙwararre.