Tara jitocin bes na Fender: inda aikin ya kai

'Yan'uwa masu koyon wannan harka, barkanmu da war haka. Wannan zagayen ba a ƙara jita ko ɗaya a kan waɗanda ke hannu ba. An tsaya ne a kan rubuta bayanan kowace, da auna wuyanta, da gyara wurin ajiya. Duk wanda ya fara tara jitocin bes na kamfani guda, shawararmu ita ce ya gama wannan aikin kafin ya sake sayen wata. Jitar da ba a san lafiyar wuyanta ba kaya ce kawai a jingine, ko da a wace shekara aka ƙera ta.

Ga masu shigowa yanzu, ga taswirar a taƙaice. Leo Fender ya fitar da Precision Bass a 1951 daga masana'antarsa ta Fullerton a jihar Kalifoniya. A 1957 aka ba ta fikof (na'urar maganaɗisu mai ɗaukar sautin tsirkiya) mai gida biyu, wanda har yau shi ne muryarta: kauri a tsakiya, babu ƙugin lantarki. Jazz Bass ta biyo baya a 1960 da fikof biyu da siririn wuya. Tsawon tsirkiya a dukansu inci 34 ne, amma faɗin wuya a wajen kai ya bambanta: inci 1.5 a Jazz, wato milimita 38, tsohuwar Precision kuwa inci 1.75, kusan milimita 44 da rabi. Wannan 'yar tazarar ita ce abu na farko da hannun hagu ke ji. Mustang Bass ta 1966 gajera ce, inci 30. Kamfanin CBS ya sayi Fender a watan Janairun 1965, ya sayar a 1985 ga ma'aikatan da Bill Schultz ya jagoranta, aka koma Corona. An fara ƙera na Japan a 1982, daga baya na Meziko a Ensenada. Wanda ke da Precision ɗaya mai tsirkiya masu santsi, da Jazz ɗaya mai tsirkiya masu kaushi, ya riga ya mallaki mafi yawan muryoyin gidan. Ta uku sai ta kawo abin da waɗancan ba su da shi, misali gajeren wuya ko wuya marar firet, wato ƙarafan nan da ke gicciye a wuya. In ba haka ba maimaici ne da sabon fenti.

Yanzu batun tantance shekara, wanda nan ne aka fi cin lokaci. Lambar siriyal ita kaɗai ba hujja ba ce. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1976 ana buga ta ne a farantin ƙarfen da ke bayan jiki, inda wuya ya haɗu, kuma sukurori kawai ke riƙe da farantin, kowa na iya canza shi. Masu farawa da harafin L na 1963 zuwa 1965 ne, masu babban F a faranti kuma daga ƙarshen 1965. Daga 1976 lambar ta koma wajen kai, inda ake ɗaure tsirkiya: S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000. Na Meziko suna farawa da MN, MZ ko MX. Amma kamfanin ya riƙa amfani da ragowar lambobi bayan shekararsu ta wuce, shi ya sa ake samun S9 a jitar da aka harhaɗa a 1980 ko 1981.

Saboda haka shaida uku muke nema, kuma sai sun yi kusa da juna. Ta farko ita ce kwanan watan da ke gindin wuya. Har zuwa 1962 da fensir ake rubutawa, bayan nan da hatimi. Idan kun ga 5 MAR 64 C, kada ku karanta biyar ga Maris. Lamba 5 alamar Precision ce, 7 ta Jazz, harafin ƙarshe kuma faɗin wuya ne: A siriri, C mai faɗi. Shaida ta biyu tana bayan fot, wato abin murɗa ƙara da na sautin. Lamba kamar 1376618 na nufin kamfanin CTS, wanda lambarsa 137 ce, shekarar 1966, mako na 18. Ta kamfanin Stackpole 304 ce. Fot ba ya gaya muku ranar da aka gama jita, yana gaya muku ne cewa ba a gama ta kafin wannan makon ba. Fender ta sayi fot masu yawa a 1966 ta yi ta amfani da su shekaru, don haka fot na 1966 a jitar 1968 ba abin tayar da hankali ba ne. Shaida ta uku ita ce siffofin zamanin: Jazz ta 1960 da 1961 tana da maɓallai biyu masu hawa biyu, daga baya suka zama uku, alamomin wuya masu kusurwa huɗu sun zo wajen 1966, sukurori uku a wuya na tsakiyar shekarun 1970 ne zuwa farkon shekarun 1980. A Jazz ta shekarun 1970 an matsar da fikof na baya kusa da jaki, wato ƙarfen da tsirkiya ke zaune a kai a jikin jita, da kimanin santimita ɗaya, abin da ya sa muryarta ta fi kaifi.

A kula wajen cire wuya. A sassauta tsirkiya, a ɗaura kafo, wato matsin da ke danne tsirkiya duka, a firet na farko don kada su watse, a kwance sukurori kaɗan-kaɗan a gicciye, sannan a ɗaga wuyan sama a miƙe. Idan aka karkata shi gefe, fentin bakin ramin yana ɓallewa, kuma ba ya komawa. Wani lokaci za ku tarar da ɗan siririn kwali ko roba a cikin ramin. Kada a jefar, shi ke daidaita kusurwar wuyan. A ɗauki hoto, a mayar da shi yadda yake. Wajen mayar da sukuru, a fara juya shi baya har ya faɗa tsohon zarensa, sannan a ɗaure. Wanda ya tura shi da ƙarfi zai yanka sabon zare, bayan 'yan lokuta ramin ya lalace.

Sai babban al'amari, wato wuya. Tsirkiya huɗu masu kaurin inci .045 zuwa .105 suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 70, dare da rana. Sandar ƙarfen da ke cikin wuyan ce ke ja da baya. Ga yadda muke aunawa: a ɗaure tsirkiya daidai muryarsu, a sa kafo a firet na farko, a danne tsirkiyar E, wadda ta fi kauri, a firet na ƙarshe, a zura ma'aunin gibi tsakanin tsirkiya da saman firet na 8. Adadin da Fender ke bayarwa shi ne milimita 0.35 ga tsohon wuya mai lanƙwasar inci 7.25, da 0.30 ga na zamani mai inci 9.5. Gibi ya yi yawa, a ɗaure sandar ta hannun dama. Babu gibi sam, a sassauta. Kada a wuce rubu'in juyi a lokaci guda, kuma a bar katakon ya zauna zuwa washegari kafin a sake aunawa. A tsofaffin ƙira kan sandar yana gindin wuya, sai an ɗaga wuyan ake isa gare shi. Aikin yana da gajiyarwa, amma wanda ya yi ƙoƙarin cusa sukudireba a karkace zai cinye kan notin ya kuma kankare garkuwar robar da ke kare fuskar jita.

Idan sandar ta ƙi juyawa, a tsaya. Kada a ƙara ƙarfi. Ko dai notin ya kai ƙarshen zarensa, ko tsatsa ta kama shi. A kwance shi gaba ɗaya, a share, a ɗan shafa man giris a zaren, a ƙara zoben ƙarfe mai faɗi ɗaya ko biyu a ƙarƙashinsa, sannan a miƙar da wuyan da hannu ko matsi yayin ɗaurewa don kada notin ya ɗauki aikin shi kaɗai. Sandar da ta karye a ciki, gyaranta kan kai ga ɓare allon firet, kuma darajar tsohuwar jita ta faɗi ke nan. Wannan ne dalilin da ya sa, wajen saye, tambayarmu ta farko ba shekara ba ce. Muna neman a juya sandar a gabanmu, hagu da dama.

Akwai wasu cututtuka biyu da sanda ba ta magancewa. Ɗaya ita ce murɗewa: ku ɗora ido a wajen kai ku leƙa tsawon wuyan, idan gefen E da gefen G, wato tsirkiyar da ta fi sirantaka, ba su kwanta a layi ɗaya ba, wuyan ya murɗe. Ɗayar kuma tudu ne da ke tasowa daga firet na 14 zuwa ƙarshe. Alamarsa ita ce ƙananan firet suna fita tsaf, amma da an hau sama sai tsirkiya ta fara zizar ƙarfe ko ta shaƙe. Maganinsa goge firet na sama ne a hannun gwani. Amma wurin da sauti ke mutuwa da wuri a tsirkiyar G, tsakanin firet na 5 da na 7, wannan halin gidan ne. Katakon wuyan ne ke girgiza daidai da wannan muryar yana shanye ƙarfinta. Ƙara ɗan nauyi a kai ko canza kunnuwan ɗaure tsirkiya yana matsar da wurin, ba ya kawar da shi. Kada a ƙi jita mai kyau saboda shi.

Bayan wuya ya zauna sai tsayin tsirkiya, a firet na 17: milimita 2.4 a gefen E da 2.0 a gefen G ga wuyan zamani, 2.8 da 2.4 ga tsoho. Sannan tsayin fikof, ana danne firet na ƙarshe: kimanin 3.2 a gefen kauri, 2.4 a gefen siriri. Idan fikof ya matso da yawa, maganaɗisunsa yana jan tsirkiya, sautin ya riƙa rawa kamar muryoyi biyu na faɗa. Daidaita jaki ne ƙarshe. A kaɗa tsirkiya a sake, a kaɗa ta a firet na 12. Ya kamata su zama murya ɗaya, ta 12 tana sama da hawa guda; idan ta 12 ta haura, a ja mazaunin tsirkiyar baya, nesa da wuya. Idan ta gaza, a matso da shi. Wanda ya fara da jaki kafin wuya zai yi aikin sau biyu.

Lantarkin ba shi da wahala. Fot na 250k ne (k na nufin ohm dubu, awon juriyar lantarki), kuma da mita za a iya duba fikof ba tare da an buɗe komai ba: a sa waya a jita, a buɗe ƙara duka, a auna a ɗaya bakin. Precision takan ba da wajen 10 zuwa 11k. A Jazz a rufe ɗaya a auna ɗaya, kowane wajen 7 zuwa 8k. Ƙugin da Jazz ke yi idan an buɗe fikof ɗaya kaɗai ba lalacewa ba ce, yana ɓacewa idan an buɗe biyun daidai. Fot mai ƙas-ƙas idan an murɗa shi a fesa masa maganin wanke lantarki a juya shi sau da yawa. Abin da muke roƙo shi ne kada a taɓa dalmar asali a tsohuwar jita sai dole, domin masu saye suna duba ta. Idan an canza wani abu, a sa tsohon a leda, a rubuta sunan jitar, a ajiye a akwatinta.

Wurin ajiya ma an gyara shi. Laimar ɗaki ta zauna tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, da ma'auni a bango. Idan iska ta bushe, allon firet yana tsukewa, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu. Idan laima ta yi yawa, sukurori su yi tsatsa, wuya ya motsa. Jitocin da aka yi kafin wajen 1968, da na zamani masu kwaikwayonsu, fentinsu na wani nau'i ne da ake kira naitiro, kuma robar da ke jikin wasu matsayan jita tana narkar da shi, ta bar baƙin tabo a bayan wuya da gindin jiki. A naɗe wuraren da ƙyallen auduga. Maɗaurin kafaɗa mai leda ma kada a bar shi kwance a kan jiki cikin akwati. Tsohuwar garkuwar seluloyid tana tsukewa da shekaru, tana tsagewa a wajen sukurori, kuma in ta fara ruɓewa iskar da take fitarwa tana cin ƙarfe. A riƙa buɗe akwatin yana shan iska. Idan an cire garkuwar don aiki, a ɗaure ta a kan allon katako da sukurorinta, in ba haka ba tana iya ƙin komawa ramukanta. Ba ma sassauta tsirkiya gaba ɗaya don ajiya, saboda sandar za ta ci gaba da ja ita kaɗai ta tanƙwara wuyan baya. Jita mai batirin bolt 9 a zare mata waya bayan kiɗa, a cire batirin in za ta daɗe a ajiye.

Masu sayen tsohuwar jita daga wata ƙasa su san cewa katakon rozwud na Brazil, wanda aka yi allon firet da shi a farkon shekarun 1960, yana cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, tun 1992, kuma ba ya tsallaka iyaka sai da takardu. Sauran nau'o'in rozwud an sa musu takunkumi a 2017, aka ɗage wa kayan kiɗa a ƙarshen 2019, amma ban da na Brazil.

Takardar kowace jita yanzu tana ɗauke da lambar siriyal, kwanan wuya, lambar fot, nauyi a sikeli, gibin wuya, tsayin tsirkiya, awon fikof, nau'in tsirkiya da ranar da aka sa su, da hotunan ramin wuya. Nauyin yana da amfani fiye da yadda ake zato: yawanci kilo 4 zuwa 4 da rabi ne, amma wasu na ƙarshen shekarun 1970 masu jikin katakon ash suna kai kilo 5, kuma kafaɗa ce ke biya. Zagaye na gaba za a sake auna gibin kowane wuya bayan yanayi ya juya, a kwatanta da abin da aka rubuta yanzu. Wanda ya motsa fiye da milimita 0.1 za a ware shi a riƙa dubawa, sannan mu shiga batun goge firet da yanka mazaunin tsirkiya na wajen kai.