Daga Burjin Kufena Zuwa Dausayin Lough Boora a Kan Keke

Mu da muka saba hawa daga Samaru zuwa Shika, ko zagaya duwatsun Kufena da sanyin safiya, abokan gabar tayarmu sanannu ne: tsidau, ƙayar bagaruwa, ƙura da kuma yashin rafi. Da wannan sanin na sauka a Ayaland a watan Yuni, kuma tun sa'ar farko a dausayin Lough Boora da ke gundumar Offaly na gane cewa can ruwa ne ke mulki, shi ake shirya wa keke.

Na hau jirgin ƙasa daga tashar Heuston a Dablin zuwa Tullamore, tafiyar kamar awa ɗaya. Gurbin keke a jirgin kaɗan ne, sai an kama shi tun lokacin sayen tikiti. Daga Tullamore na bi gefen Grand Canal, tsohuwar hanyar ruwan da ta haɗa Dablin da kogin Shannon, na wuce Rahan da Pollagh, kilomita ashirin da 'yan kai kafin a shiga dausayin. Hanya ce ta masu keke da masu ƙafa, wani wurin kwalta, wani wurin garin dutse da aka daddaɓe. A 'yan wurare motar masu gidajen bakin ruwa takan shigo, don haka a riƙe hannun hagu, ba dama irin namu ba.

Ita ƙasar da ake hawa a kanta ba irin lakar fadamar Galma ba ce. Bayan ƙanƙarar da ta rufe yankin ta narke, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, ta bar tafkuna marasa zurfi. Ciyayin ruwa suka cike su, sannan wata irin gansakuka ta hau kai. Gansakukar nan tana riƙe ruwan da ya ninka nauyinta har kusan sau 20, tana kuma sa shi tsami, ga babu iska a ciki, shi ya sa abin da ya mutu ba ya ruɓewa duka. Sai ya taru ya zama baƙar ƙasa mai laushi kamar soso, wadda idan ta bushe take ci da wuta. Milimita ɗaya kacal take ƙaruwa a shekara. Wato zurfin taƙi ɗaya da taya za ta kwarɓe idan mutum ya saki hanya, aikin shekara ɗari biyu ne. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai hankali yanke, ko da babu allon gargaɗi.

Lough Boora kanta an riga an kwashe mata yawancin wannan ƙasa. Kamfanin gwamnati Bord na Móna, wanda aka kafa a 1946, shi ya yi ta haƙarta don tashoshin lantarki da makamashin gida, har zuwa 2021 da ya sanar da daina haƙa gaba ɗaya. Yanzu an mayar da ruwa, ramukan sun koma tafkuna, bishiyoyi sun tsiro, zomaye na tsallake hanya, akwai kuma wata tsuntsuwa mai kama da makwarwa da ake kiyayewa a wurin don ta kusa ƙarewa a ƙasar. A 1977 aka gano wurin zaman mafarauta na fiye da shekara 8,000 a ƙarƙashin ƙasar, kuma akwai hanyar da ke kai mutum can.

Kekena mai lanƙwasasshen kai ne, birkin faifai, taya mai faɗin milimita 40 da 'yan ƙananan haƙora. Ga mai nauyin kilo 70, geji 35 a gaba da 38 a baya ya wadatar. Masu facinmu sun saba dankara wa taya iska har ta yi kamar dutse, saboda kaya da goyo. A kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa irin wannan tayar tsalle take yi, ta ƙi kama ƙasa a kwana, hannu kuma ya mutu kafin azahar. Idan kuma aka rage ta ƙasa da 30 alhali da tub a ciki, dutse ɗaya zai matse tub ɗin da bakin rim ya yi masa huda biyu a jere. Ni tayata ba ta da tub, ruwan toshe huda na zuba, mililita 60 kowace ƙafa, amma duk da haka na ɗauki tub ɗaya, famfo, faci da sulushan, da mahaɗin cen guda.

Inda aka fi yin asara shi ne cen da birki. Garin dutsen nan idan ya sha yayyafi yakan koma kamar kunu, ya manne, ya yi ta cin ƙarfe kamar sanfefa. Man cen mara kauri da muke so lokacin hunturu, don ba ya tara ƙura, ruwa ɗaya ke wanke shi. Mai kauri ake sawa, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, a bar shi ya shiga, sannan a goge na waje da tsumma tas. Wanda ya bar cen tana naso, shi ya gayyato yashi. Bakin mai na inji da ake lafta wa keke a gida bai dace ba sam. Takalmin birki kuwa a duba shi kafin a fita: idan naman ya kusa milimita ɗaya, a canza, domin yini guda na ruwa zai cinye ragowar har ƙarfe ya fara kartar faifai. Madgad ma ba ado ba ne a nan. Ruwan wurin launin shayi ne, idan ya fantsama a riga da wuya ya fita.

Abu biyu ke kayar da mutane. Na farko gadar katako: da ta jiƙe santsinta ya fi na kuɓewa, a sauka a tura. Na biyu tsofaffin layukan ƙaramin jirgin da ke ɗaukar ƙasar, masu faɗin ƙafa 3, da suka rage a wasu mararraba. A tsallake su kai tsaye a gicciye, kada a taɓa birkin gaba a kansu, in ba haka ba tayar ta bi ƙarfen ta zame.

Ƙasar shimfiɗe take, babu hawa, amma iska ta maye gurbin tudu. Yawanci daga yamma ko kudu maso yamma take kaɗawa, babu abin da ke tare ta. Mai tasowa daga Tullamore ita yake fuskanta a tafiya, ta turo shi a dawowa, kuma haka ya fi, gara a sha wuyar da sauran ƙarfi. A sa giya mai sauƙi, a sunkuya, a daina kallon agogo. Rigar ruwa mara nauyi dole ce ko da rana ta fito, don yayyafin ƙasar ba ya sallama.

Ruwan dausayin ba na sha ba ne. Na ɗauki lita biyu, ɗaya ta sha, ɗaya ta alwala, da darduma mai leda a ƙasa, domin ciyawar da ido ke gani a bushe gwiwa na taɓa ta ruwa zai ɓullo. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen goma na dare, lokaci a yalwace yake, sai dai da yamma idan iska ta kwanta wasu ƙananan ƙwari masu cizo, waɗanda ba su kai sauro ba, sukan taso a gungu. Muddin keke na tafiya ba sa cimma mutum, tsayuwa ce matsala, shi ya sa na yi la'asar a buɗaɗɗen wuri mai iska. Wuta kuwa, ko ta ashana, ba a kunna ta: busasshiyar ƙasar nan tana ci ta ƙarƙashi kwana da kwanaki ba a ga harshenta ba.

Da na dawo Zariya na kai keken wurin mai gyaranmu a Tudun Wada. Ya kwance boris ɗin feda ya ga ruwa ya shiga giris ya yi fari. Ya ɗago ya ce, "Malam, a kogi ka tuƙa shi?" Muka wanke da kananzir, muka cusa sabon giris, na kuma mayar da man cen mara kauri kafin fitar Asabar ta hanyar Shika.